Dintsin Ƙaron Marke

Yayana Bawa bai taɓa kiran sunan 'yarsa ta fari ba. Shekara talatin da huɗu ina kasa kunne, ban ji ba. Mubaraka ne sunanta, amma a bakinsa "yarinyar nan" ce, in kuma ransa ya yi daɗi ya ce "waccan". Haka ake kunyar ɗan fari a wajenmu, sai dai Bawa ya kai tasa inda ko tsofaffi sukan ce ya yi yawa. Ba ya zama inda take, ba ya yi mata magana kai tsaye. Ni ne ƙaninsa, Sanusi, direban mota tsakanin Zurmi da Ƙaura Namoda, kuma ni na zama bakinsa da kunnensa tun tana rarrafe. In yana so ya san ko ta ci abinci, ni zai tambaya, tana zaune a gabansa.

Sana'arsa ƙaro. A ƙauyenmu na kusa da Birnin Tsaba, da an gama girbin gero da dawa sai ya ɗauki ɗan gatarinsa ya shiga daji, ya sassare ɓawon itatuwan dakwara, ya koma bayan makonni ya tsinto abin da ya tsatso ya daskare. Malamai na saye don haɗa tawada, masu wankin hula na saye don hula ta tsaya. Da harshe yake gane ƙaro. Ka ba shi ɗan gutsure ya sa a baki, zai gaya maka na dakwara ne ko na dushe ko na marke, har ya ƙara da cewa wanda ya sari itacen ya yi gaggawa. Ni duk ɗaya suke a wajena, abin da ke manne haƙori ne kawai.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa mu faɗa. Bai taɓa auna wa mutum tiya ya tsaya a nan ba, sai ya ɗora gyara. Kowane ɗan kasuwa na yi, amma shi daga mafi kyawun kayansa yake ɗiba. Na sha ce masa da wannan hannun ba zai taɓa sayen ko keke ba. Sai ya ce awo haƙƙi ne, gyara kuwa mutunci. Har yau bai sayi keken ba.

Mubaraka ta yi karatu har ta wuce inda muke iya bin ta da ido. Ƙanwarta Salima ta rasu da ciwon sikila tana shekara tara, kuma ina jin tun ranar ta zaɓi hanyarta, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Ta ƙare a wata jami'a a ƙasar waje, tana binciken sukarin jiki. Na ce mata ai wannan ciwon Alhazai ne. Ta yi dariya ta ce ba shi ba ne. Ta ce kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana sanye da riga ta wasu irin sukari, da su suke gane juna. Ita kuma so take ta aika saƙon gyara cikin ƙwayar da aka haifa da matsala, amma jiki ba ya karɓar baƙon saƙo tsirara, sai an naɗe shi cikin sukarin da ba zai ƙi ba, kamar yadda ake cusa ƙwayar magani a lomar tuwo. Ƙaro kuma, in ji ta, dogon zaren sukari ne. Nan na gane, don aikina ke nan, kai saƙo inda aka aike shi ba tare da ya lalace a hanya ba.

Takardun bincike goma sha ɗaya ta fitar kafin ta waiwayo gida. Duk wadda ta fito sai ta turo mini hotonta a waya, ni kuma in nuna wa Bawa. Ba ya karanta boko. Zai dubi wayar ya daɗe, ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da tsince ƙaronsa. Da yamma sai in ji labari a tasha cewa ya raba goro.

Ta goma sha biyu ce ta shafe mu. Ta kira ni ta ce tana son tiya guda ta ƙaron dakwara, zalla, a tsince shi a daka ya yi laushi. Na isar. Bawa ya shiga daji da kansa, ya kwana biyar yana zaɓe, ya daka a sabon turmi. Na kai ƙunshin Ƙaura, daga nan ya bi hannu zuwa hannu har ya isa gare ta.

Abin ya yi aiki fiye da zatonta. A cikin 'yan faifan gilashinta, ƙwayoyin sun karɓi saƙon da aka naɗe da garin nan fiye da duk abin da ta gwada a baya. Ba magani ba ne tukuna, ta nanata mini haka sau uku don ta san bakina. Amma takardar ta fito da sunanta a gaba, an rubuta a ciki cewa ƙaron dakwara ne zalla daga arewacin Zamfara, kuma aka fara gayyatarta taro.

A shekarar ne zaman ƙauyenmu ya gagara. Ba zan tsaya kan wannan ba, kowa ya san abin da ya kore mu. Bawa ya dawo cikin Zurmi da iyalinsa, ya kafa tabarma a kasuwa, yana sarar dakwarar da ke kusa da gari. Garin farko ya ƙare wa Mubaraka, ta nemi na biyu, muka aika. Bai yi aiki ba. Na uku ma haka. Wasu masu bincike a wata ƙasa sun bi takardarta layi-layi, su ma ba su samu abin da ta samu ba, suka rubuto wasiƙa. Wata goma sha huɗu Mubaraka ta yi tana maimaita gwaji ɗaya. Daga ƙarshe shugabanta ya ba ta zuwa ƙarshen wata: ko ta gano dalili, ko a janye takardar. A aikinsu, in ji ta, wanda aka janye wa takarda ba tare da bayani ba, zargin ƙirƙira ake yi masa, har sauran goma sha ɗayan a koma ana yi musu kallon hadarin kaji.

Ina lodi a Ƙaura ta kira ni. Muryarta ta dushe.

"Baffa, wallahi ban ƙirƙiri komi ba. Da idona nig gani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na wuce Zurmi na zazzage wa Bawa labarin a kan tabarmarsa, ina zagin Turawa da na'urorinsu. Ya saurara, hannunsa ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Sannan ya ci gaba da tsince ƙaronsa. Na ɗauka halinsa ne na kullum.

Kwana uku bai fito kasuwa ba. Matarsa ta aiko mini cewa ko kunu ba ya sha. Na same shi a zaure da hantsi, ya jingina da bango.

"Yaya, mi yas same ka?"

Ya ce, "Na yi gyara."

"Wane gyara?"

"Ga tiyar farko. Dintsi guda na ƙaron marke niz zuba, nid dake su tare. Na tsohon iccen nan na bayan gidanmu na ƙauye."

Na san itacen. Tana ƙarama, a gindinsa take wuni tana ɓamɓarar ƙaro tana taunawa, shi kuma yana kallonta daga nesa kamar bai gani ba. Ashe da ya auna wa 'yarsa tiya, hannunsa ya ƙi rufe buhu haka nan, ya ɗora mata abin da ya san tana so. Na biyu da na uku ba su samu ba saboda marken ya rage a can inda ba mu iya zuwa.

Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce an ce maka zalla, ka san ma'anar zalla? Na ce kwana uku kana zaune da maganar a ciki, yarinya tana can tana ƙonewa. Bai kare kansa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ƙaƙa zan hwaɗa mata ni niɓ ɓata mata aiki?" Nan fushina ya mutu, tausayinsa ya kama ni, don na gane abu biyu ne suka yi masa nauyi. Ya jawo mata wahala, kuma faɗin dalilin daidai yake da faɗin abin da ya shekara talatin da huɗu yana ɓoyewa.

Na kira ta a nan take, na buɗe muryar wayar, na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Bawa ya juya fuskarsa ga bango.

"Ka hwaɗa mata," ya ce, "laihina na. Na sa marke ciki."

Ban maimaita ba, ta ji.

"Baffa," ta ce, "ka tambayi Baba, nawa yas sa?"

"Dintsi guda, hannun dama, ga tiya cikakka."

"Na wane icce?"

"Ta san shi."

Sai na ji ta fashe da kuka. Ni ma dai na share ido, ba na ɓoyewa. Da ta natsu ta ce tana bukatar irin wannan ƙaron don ta tabbatar, kuma kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, "Baffa, don Allah kak ka bari shi tahi can. Gara a janye takardar." Bawa ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da gwangwanin madara mai murfi. Ranar da muka baro ƙauye, mutane na ɗaukar hatsi da tukwane, shi wannan ya sa a aljihu. Guda goma sha bakwai ne a ciki, jajaye, masu sheƙi. Ajiye mata ya yi zuwa ranar da za ta dawo gida. Ya miƙo mini duka bai rage ko ɗaya ba.

Gwangwanin ya isa kafin wata ya ƙare. Ta haɗa garin kamar yadda ya faɗa, dintsi a tiya, abin ya dawo aiki. Duk da haka sai da ta rubuta gyara da hannunta aka buga, ta ce abin da ta kira dakwara zalla gauraye ne, kuma kuskurenta ne da ba ta bincika garin sosai ba kafin ta rubuta. Ba ta ambaci uban ba ta wannan fuska. Ƙarin girman da take jira a shekarar ya wuce ta, aka ba wani. Amma takardar ta tsaya, sunanta ya fita daga zargi. Yanzu tana ƙoƙarin gano mene ne a cikin marke da ya sa haka, ta ce zai iya cin shekaru, kuma zai yiwu a ƙarshe bai kai ga majinyaci ko ɗaya ba.

Bawa na nan a kasuwar Zurmi, gefen masu goro. Idan na zo karɓar saƙonta yanzu, kowane ƙunshi daban yake ɗaurewa, ya sa in rubuta sunan itacen da biro, yana tsaye a kaina kamar na taɓa yin kuskure. Sauran masu saye kuwa har gobe yana ɗora musu gyara.

Makon jiya ta turo saƙon murya, na kunna masa a kan tabarmar.

"Baffa, ka hwaɗa ma Baba goma sha shidda nid daka don aiki. Guda na aje. Yau nic ci shi."

Bawa ya sunkuyar da kai cikin ƙwaryarsa, yana juya ƙaron da ya riga ya tsince. Sannan, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ka tambaye ta, ya yi zaƙi?"