Likita Mai Yanka Ido da Haske

Babanmu mai gyaran rediyo ne, amma a unguwarmu an fi saninsa da labarin abin da bai zo ba tukuna. Wani malami Bamisire da ya koyar a sakandaren garinmu ne ya jawo mana. Da zai koma gida sai ya bar masa tarin mujallun yara na Larabci, masu zane kala-kala, duk a kan kimiyya da yadda duniya za ta koma nan gaba. Baba da Larabcinsa na makarantar zaure yake lallaɓa su, inda ya cije sai ya cike da hoto. Bayan la'asar zai baje su a kan tabarma yana nuna wa 'yan majalisa: ga wayar da za ka ga fuskar mai magana, ga jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin gari, ga likita yana gyara idon wani tsoho da tsinken haske ja.

Babu wanda ya kai taubashinsa yi masa dariya. Ɗan gwaggonsa ne, dillalin hatsi, mai bakin tsiya. Kullum sai ya ce, "Ranar da aka yanka ido da fitila, ka kira ni in riƙe maka ashana." Ni kuwa ina maƙale a bayan Baba, na yarda da kowane shafi. Gara ta cinye mujallun daga baya, amma su suka sa mini son Larabci har ya kawo ni karatu Alƙahira.

Ina shekarar ƙarshe a karatu yanar ido ta rufe wa Baba ido biyu. Ya daina aiki, ya koma laluben bango. Mu 'yan gida muka haɗu muka kawo shi, na sauke shi a ɗakina a unguwar Hayyus Sabi', inda ɗaliban ƙasarmu suka fi yawa. Likita ya duba ya ce aikin mai sauƙi ne, da haske za a fara shi, amma yanar idon hagu ta daɗe, kada a ƙara jinkiri. Ina fassara wa Baba, ina jiran ya yi tsalle don murna.

Muna isa gida ya ce in nema masa jirgin komawa.

"Baba, kai fa ka ce za a yi wannan."

"Na ce za a yi. Ban ce a kaina za a yi ba. Ɗan hasken da ya rage mini nake ganin inuwarki da shi. In suka ƙone shi fa?"

Raina ya ɓaci sosai. Na yi lallashi, na yi kuka, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya juya fuska bango ya ce, "Khalas," wato shi ke nan, kalmar da ya tsinta a bakin direban tasi yake ta yanke mana magana da ita.

Washegari na fita don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Wustul Balad, tsakiyar gari, na shiga layin masu tsofaffin littattafai. A wata rumfa, ƙarƙashin littattafan makaranta, na hango irin mujallun nan, takardarsu ta yi ruwan ƙasa. Ban sami ainihin ta Baba ba, na dai sami 'yan uwanta, kuma a ɗaya daga ciki ga wayar nan mai nuna fuska, wata mata da gashi kamar tulu tana gaisawa da ɗanta. Ina kallonta dabara ta faɗo mini.

Da na dawo na ɗora masa su a cinya. Ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya yi murmushi. Kafin ya ce komai na kira taubashinsa a waya ta bidiyo, na zayyana masa komai a gaban Baba, na nuna masa shafin.

Tsohon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Kai! Wato mai wa'azin gobe ya je ya tarar da goben, ya kwaso a guje? Dawo gida abinka, ɗan kawu, na saya maka sanda. Dama na faɗa wa mutane duk zuƙi ne."

"Zuƙi?" in ji Baba. Ya miƙe zaune. "Da me kake ganina yanzu, da ƙwaryar awo?"

"Waya daban, ido daban. Wannan kam ba za ka iya ba."

Baba ya laluba ya kama hannuna. "Ke, yaushe likitan ya ce?"

"Gobe da safe, Baba."

"Yalla, mu je."

Da safe muka isa ƙofar ɗakin aikin. Ya ce in karanta masa addu'a, na karanta, aka tura shi ciki. Ban gama zaryar da nake yi a baranda ba aka fito da shi, ido a rufe da auduga, yana mita wai ba a bari ya ga na'urar da kyau ba.

Da aka cire audugar kashegari, ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi likita, ya dubi taga, ya dube ni ya daɗe. Murnar da na yi ranar ban taɓa yin irinta ba, har ma'aikaciyar jinya ta ce in rage murya.

"Kira mini mutumin nan," in ji Baba.

Fuskar taubashin ta fito. Baba ya karɓi wayar da kansa, ya matso da ita, ya ƙare masa kallo.

"Ashe haka ka tsufa? Ina haƙoranka na gaba? To an yanka ido da fitila, ina ashanar?"

Taubashin ya buɗe baki zai rama, sai ga hawaye. Ya kai hannun riga yana goge ido, yana cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Baba ya ba ni wayar, ya jawo mujallar daga jakata. Na miƙa hannu zan karanta masa kamar yadda na saba yi masa da kowace takarda. Ya ture hannuna.

"Bari," ya ce. "Zauna nan in karanta miki."