Cibiyar da Ke Cikin Gwangwanin Man Zafi

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba.

Lokacin da abin ya faru ina Year 8, wato aji biyu na sakandare, muna zaune a Withington, cikin Manchester. Ni yarinya ce marar magana, ko a aji sai malama ta sunkuyo kafin ta ji abin da nake faɗa. Amma idona ba ya barin komai. Na san wanda ya canza turare, na san ranar da Mama ta yi kuka a mota kafin ta shigo gida. Ba wanda ya cika kula da ni. Baba likita ne, kullum yana asibiti, Mama kuma tana fama da aikinta da ƙannena.

Ƙanin Baba, wanda muke kira Baffa, yana karatu a Birmingham, kuma ya auri matar da dangi ba su so. Bahaushiya ce, Musulma, amma a wani ƙauyen masunta da ke bakin teku kusa da Kwatano aka haife ta. Hausarta tana da wani kari da ke ba matan gidanmu dariya, Turanci kuwa ba ta ji, sai ɗan Faransanci. Da cikinta ya tsufa, tunda ba ta da kowa a ƙasar nan, aka kawo ta gidanmu don ta haihu ta yi jego, aka sa mata katifa a ɗakina. Anti nake ce mata.

Ita ce ta fara yin hira da ni kamar babba. Ta ba ni labarin mahaifiyarta, ungozomar ƙauyensu, wadda ake zuwa ɗauka a kwalekwale idan naƙuda ta kama mace a hayin ruwa. Ta ce tsohuwar takan shimfiɗa tabarma a kan yashi, ta dafa reza a tukunya, ta ɗaure cibiya da zare, sannan ta haɗa wa mai jego romon kifi mai yaji. Idan cibiyar jariri ta bushe ta faɗi, sai ta binne ta a bayan gida ta dasa kwakwa a kai, bishiyar ta zama ta yaron, ba mai tsinkar 'ya'yanta sai da izininsa. Anti ta ce tata bishiyar ta fi rufin masallacinsu tsawo. Da lokaci ya yi Allah ya sauke Anti lafiya, namiji. Ana gobe suna cibiyarsa ta faɗi, da ɗan maƙalin robar asibiti a jikinta. A gabana ta naɗe ta a farin ƙyalle da ɗan gishiri, ta sa a tsohon gwangwanin man zafi, ta tura ƙarƙashin katifa. Ta ce za ta aika wa tsohuwarta idan ta sami mai tafiya, don shi ma ya sami bishiyarsa ko da bai taɓa ganin tekun ba.

A ranar ne Gwaggo, yayar Baba, ta iso daga unguwar Erdington ta Birmingham. Ba ta taɓa kiran Anti da sunanta ba, sai 'yar masunta, kuma idan ta shiga ɗakina takan buɗe taga ta ce ƙarni ya yi yawa. Ta daɗe tana cewa ba haka kawai aka raba ƙaninta da 'yan matan Kano ba. Da yamma ta ja ni kicin, ta gyara mini ɗankwali, ta ce duk gidan nan ni kaɗai ce mai hankali, ta san ba abin da ke wuce ni. Ba a taɓa yaba mini haka ba. Ta tambaye ni ko na ga wani abu a wajen matar nan, ni kuwa don in nuna mata lallai ina gani, na faɗa mata ƙyallen, da gishirin, da gwangwanin. Na soma bayanin kwakwa ke nan ta ce ya isa, Allah ya yi mini albarka.

Ranar suna falonmu ya cika da mata, wasu daga Moss Side, wasu daga Birmingham. Bayan an ci abinci Gwaggo ta ciro gwangwanin daga jakarta, ta buɗe shi a kan tire, ta ce kowa ya zo ya ga irin abin da aka ɗaure ƙaninta da shi, yanzu kuma an koma kan ɗansu, an haɗa naman jikinsa da gishiri za a kai wa bokayen bakin ruwa. Aka hau salati. Wata ta ce dama mutanen teku da aljanun ruwa suke zama. Anti ta miƙe da ƙyar, tana dafe da mara, ta soma bayani, sai wata ta kwaikwayi maganarta, falon ya ɗauki dariya. Sai ta juyo gare ni, ta kira ni ƙanwata, ta ce in gaya musu, ai na san komai. Gwaggo ta ɗora hannu a kafaɗata, ta ce tambaya ɗaya za ta yi mini, na ga ta ɓoye shi ko ban gani ba. Duk idanu suna kaina. Ina kallon wata ƙwayar shinkafa da ta maƙale a kafet kusa da ƙafata. Na gyaɗa kai. Gwaggo ta juye gwangwanin a cikin bolar kicin, kan ƙasusuwan kaza, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Daga ranar aka mayar da jaririn ɗakin Mama. Sai lokacin shan nono ake kawo wa Anti shi, kuma da mai tsayuwa a kanta. Idan ya yi kuka a ɗaya ɗakin ina ganin rigarta tana jiƙewa, tana tsaye a bakin ƙofa ba ta da ikon buɗewa. Wata safiya zan tafi makaranta na gan ta a waje cikin sanyi, ba takalmi, tana leƙa babbar bola, amma motar shara ta council ta riga ta kwashe. Ba ta taɓa ce mini don me ba. Har kayan makarantata ta ci gaba da ninke mini. Ta daina ci, ta daina barci, ta soma magana ita kaɗai. Da GP, likitan unguwa, ya rubuta mata magani, Gwaggo ta ce asirinta ne ya koma kanta. Baffa bai iya ja da yayarsa ba. Aka ce ta je gida ta huta ta dawo, aka riƙe yaron. Sakin ta waya ya same ta.

Yaron yanzu yana firamare, Mama ya ɗauka ita ce uwarsa. Bara na yi ta maza na gaya wa Mama gaskiyar abin da ke cikin gwangwanin, ina zaton za ta girgiza. Tana yanka albasa, ba ta ko juyo ba. Ta ce ta sani tun a ranar, ai tawa cibiyar ma a jaka ta kai wa kakata Kano aka binne. Ta ce Gwaggo ta riga ta yanke hukunci, ita kuwa ba za ta ɓata da dangin miji a kan baƙuwa ba, in bar maganar. Ashe rabin matan da ke falon nan sun san al'adar, suka yi salatin.

Na daɗe ina ganin shiruna ladabi ne. Yanzu na san rabin gaskiyar da na faɗa ya fi ƙarya cutarwa, kuma kunyar da ta hana ni buɗe baki ta raba uwa da ɗanta. 'Yan'uwana 'yan mata, idan babba ya ja ku gefe yana yabon hankalinku don ku faɗi abin da kuka gani a ɗakin wani, ku tsaya ku yi tunanin abin da zai yi da shi. Iyaye kuma ku ji tsoron Allah a kan mai jegon da ba ta da kowa kusa. Ni kam kullum nakan riƙe hannun yaron nan mu tsallaka titi, har yau ban san da wane baki zan gaya masa ba.