Ƙoƙon Ruwa a Hannun Hagu

Duk sanda na jiƙa ƙaro zan haɗa wa jikokina tawadar allo, warin nan nasa mai ɗan tsami sai ya maida ni tsakar gidanmu na Dakoro, cikin wata bazara jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Ina ganin inuwar aduwa, ina ganin Kaka zaune a kan tabarma tana kallon ƙofar zaure kamar mai jiran baƙo.

Kakanmu namiji ban san shi ba. Fataucin hatsi yake yi zuwa arewa, can wajen Azagor ajali ya same shi, can aka binne shi. Bai bar hoto ba, wa ke ɗaukar hoto a lokacin? A bazarar nan idanun Kaka suka fara hazo. Wata rana ina taya ta tsince wake ta ce, "Ƙawata, Malam shina zo mini a mafarki, amma kullum bayanshi nika gani. Tsoro nika ji ido ya tafi, shi ma ya bi shi."

Ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya dawo hutu daga lakwal, wato makarantar boko, a Maradi. Can wani malaminsu, da suke kira mushe, ya koya musu sassaƙa zane a jikin katako, a shafa tawada, a danna a ƙyalle. Da ya ji maganar Kaka sai ya cire murfin wata tsohuwar akwati, ya ce zai sassaƙa mata mahaifinsu a kai. Babanmu ya ce, "Ban da fuska. Ban da ido, ban da baki." Baba Ƙarami ya ce ai shi ma yana goye aka yi rasuwar, ina ya san fuskar?

Saboda haka Kaka ce ta zama idonsa. Da hantsi yakan zauna gabanta da 'yar wuƙa, tana faɗa yana yanka. Ta ce dogo ne, kafaɗarsa ɗaya ta sauka saboda ɗaukar buhu. Ta ce in baƙo ya shigo, shi da kansa yake ɗebo ruwa, ya rusuna ya miƙa, ko da yaro ne. Ɓawon katakon yana faɗowa a nannaɗe kan zanena. Ni dai ban ga mutum a ciki ba, sai ramuka da layuka kamar sawun iska a kan rairayi.

Ranar bugawa ni na kankaro baƙin tukunya, aka dama da ƙaro. Ya shafa wa katakon, ya shimfiɗa farin akoko a kai, ya dinga murzawa da bayan ludayi. Da ya ɗaga ƙyallen a hankali, sai ga wata doguwar inuwa ta tanƙwara kamar karan gero mai nauyin zangarniya. Kan ɗigo ne kawai, rigar kuwa ta watsu kamar hadari. Hannu ɗaya ya miƙo da ƙoƙo.

Kaka ta kai ƙyallen dab da hancinta, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe. Sai ta ajiye.

"Auta, wanga ba ubanka ba ne."

"Inna, mi ya rage?"

"Da hagu shika ba mutane ruwa? Malam? Ko kare bai taɓa miƙa wa abu da hagu ba."

Baba Ƙarami ya dubi katakon, ya dubi ƙyallen. A katakon dama ce. Ya manta cewa bugu juya abu yake yi, dama ta koma hagu. Babanmu ya yi murmushi ya ce, "To, ɗan lakwal." Kaka ba ta yi dariya ba. Ta naɗe ƙyallen ta ce a kai shi nesa da ɗakinta.

Gyaran ɗaya ne: sai ya sassaƙa mahaifinsa bahago a katako kafin ya fito daidai a ƙyalle. Abin ya yi masa nauyi. Na ga ya ɗauki wuƙar ya ajiye ya fi a ƙirga. Har hadarin farko ya fara haɗuwa a gabas kafin ya juya bayan murfin, ya yi bismillah, ya soma.

Da aka ɗaga ƙyalle na biyu, yayyafi ya fara sauka, ƙasa na ƙamshi. Kaka ta kawo shi kusa da ido. Sai muka ga ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai, ta miƙa hannuwa biyu kamar mai karɓar ruwa.

Kafin damina ta gaba ganinta ya ɗauke. Ba ta sake cewa tana tsoro ba.

Yau wayoyin jikokina cike suke da fuskoki, kowa da haƙoransa a waje. Ƙyallen kuwa gara ta cinye shi tun ina amarya. Fuskar Kaka ma ta dushe mini, Allah Ya jiƙansu duka. Amma wani lokaci a kasuwa nakan hango wata tsohuwa daga nesa ta duƙa tana gyara mayafi, sai in tsaya cak da kwandona, ba na son ta juyo.