Malam Bahago, Mai Amsa Gaisuwar Masu Rubutu

Da an sallame sallar asuba, kafin masu keke napep su cika titi da hayaniya, Malam Bahago ya riga ya hura gawayi, ya ɗora butar shayi, ya share rumfarsa da ke wani lungu a cikin Birnin Zariya. Benci biyu ne a rumfar. Na gaba na masu hira ne. Na baya, wanda ke jingine da katangar ƙasa da teburi a gabansa, na masu rubutu ne, kuma ba a magana a kansa.

Yaran yanzu suna yawo gari suna neman gidan kofi mai sanyi da intanet, wai a can tunani ke zuwa. Su je. Abin da ya fi wuyar samu a garin nan shi ne a ƙyale mutum. Ba wanda zai gan ka zaune ya wuce: ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, har abin da ke kanka ya tsere. Gaisuwa kuwa haƙƙi ce, wanda ya raina ta ba shi da tarbiyya. Sai Malam Bahago ya ɗauke wa masu rubutu wannan nauyi. Shi ke amsawa a madadinsu.

Mutanen unguwa har yau suna ba da labarin Rilwanu, ɗalibin jami'a daga harabar Kongo da ke nan Zariya, da ke rubuta aikinsa na kammala karatu a bencin baya. Baffansa Alhaji Ja'afaru ya hango shi ya nufo shi, sai Malam Bahago ya tare shi. Alhaji ya ɓata rai, ya ce ai ɗan ƙaninsa ne.

"Na sani, Alhaji. Ya kwana lafiya, ba gajiya, gida ma lafiya lau. Saura me?"

Alhaji ya yi dariya, ya zauna a bencin gaba ya sha shayinsa. Da Rilwanu ya rufe kwamfuta, Malam Bahago bai bar shi ya nufi Kongo ba, sai da ya je gidan baffansa ya durƙusa ya gaishe shi. Ƙa'idar ke nan: duk wanda aka amsa masa, sai ya je da ƙafarsa ya mayar.

Kai ne katangar masu alƙalami, Malam. Ka tsare musu shiru, ba ka bari zumunci ya yanke ba.

Bana gwiwar Malam Bahago ta gaza, ya miƙa rumfar ga ɗansa Muntasir. Nan hankalinmu, mu da muka saba zama a rumfar, ya tashi, don Muntasir ya ce zai ɗauke bencin baya ya kafa talabijin na kallon ƙwallo. Na yi masa faɗa ba sassauci. Ya amsa mini cewa masu rubutu kofi ɗaya suke riƙewa har azahar, kuma ban iya ƙaryata shi ba. Uban bai tilasta masa ba. Ya dai roƙi a bar masa gefen bencin, don yana so ya ƙarasa saukar Alƙur'ani da butar shayi ta katse masa tun yana saurayi.

Makon jiya na je. Ga Malam Bahago a bencin baya, ya duƙa kan allo da tawada, kusa da wani mai kwamfuta. Na buɗe baki zan gaishe shi, sai Muntasir ya sha gabana.

"Ya kwana lafiya, Baba. Gwiwar ma da sauƙi. Shayi ko kofi?"

Na zauna a bencin gaba na karɓi shayina, kamar kowa.

Mun gode, Malam Bahago. Allah ya ba ka lafiya, ya nuna mana ranar saukarka. Ku kuma masu rumfa da masu zaure, ku ware benci ɗaya, ku tsaya a gabansa.