Ladan Barau da Inuwar Saude

Shekara arba'in Ladan Barau yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Zakka, bai taɓa ɗaura agogo ba. In la'asar ta gabato sai ya fito fili, ya tuɓe takalmi, ya ba rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya, ya auna da tafin ƙafa, dunduniya na bin yatsa. Tsayin mutum tafinsa bakwai ne, haka mahaifinsa ya koya masa, sai ɗan ƙarin da kowane wata ke zuwa da shi, wannan kuma ya haddace shi tun yana saurayi. Gero yake nomawa, tumakinsa uku, taurin kai kuwa ya ishi unguwa guda.

Bara yanar ido ta kama shi. Yana ganin haske, amma ƙarshen inuwarsa ya ɓace masa. Sau biyu ya kira la'asar mutane ba su daɗe da idar da azahar ba. Dattawan masallaci suka same shi cikin jin nauyi, suka ce ko zai huta, Sammani mai shagon caji ya karɓa, tunda wayarsa na nuna lokaci. Suka ba shi mako ya yi tunani. Daga ranar Barau ya kasa cin tuwo.

Matarsa Saude ce ta ce ya bari ita ta riƙa auna tata inuwar a tsakar gida. Duk da baƙin cikinsa sai da ya yi dariya, don Saude da kyar take kai masa hammata. A watan nan tafi tara ake nema. Ya ce kafin guntuwar inuwarta ta kai tara ai an yi magariba.

Ranar Asabar 'yarsu Rahma, wadda ke koyar da lissafi a ƙaramar sakandare a Safana, ta zo gaishe su. Da ta ji gardamar, ba ta yi musu da shi ba, ta san halin ubanta. Ta kafa tabarya da muciya a rana, ta ajiye dutse a ƙarshen kowace inuwa, ta kama hannunsa ya auna da kansa. Tabarya kamu biyu, inuwarta uku. Muciya kamu ɗaya, inuwarta ɗaya da rabi. Ta ce abin da take fama da 'yan aji biyu su gane ke nan: a lokaci guda, in ka raba inuwa da tsayi, amsa ɗaya za ka samu, ko na dogo ko na gajere.

"Baba, Inna gajera ce, amma ai ƙafarta ma ƙarama ce. Taranta da taranka lokaci guda suke cika."

Barau ya daɗe a durƙushe yana shafa duwatsun. Ya ce shi dai a gwada, ba wai ya yarda ba.

Washegari Saude ta tuɓe silifa, ta taka, ta ce masa tara ta cika. Ya laluba bango ya fita, ya kira la'asar. Da ya sauke hannu daga kunne, Sammani ya duba wayarsa, ya mayar aljihu, ya shiga sahu. Ba wanda ya ƙara tada maganar hutu.

Da ya dawo gida ya tambayi Saude yaya aka yi ta iya takun haka, ba ko tangarɗa, har ta san ƙarin wata.

"Malam," in ji ta, tana ci gaba da tankaɗe, "shekara arba'in kana shigowa ka iske buta cike a bakin ƙofa. Wa kake zaton yana gaya mani lokaci?"