Ranar Da Baba Ya Hau Keke

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta yammacin da Baba ya hau keke ba. Ina aji biyar na firamare a lokacin, kuma ni irin yarinyar nan ce da ko gaisuwa sai an matso kusa ake jin muryata.

Likita ne ya ce wa Baba jininsa ya hau, dole ya riƙa motsa jiki ya rage tumbi. Baba ya gargaɗe mu kada kowa ya ji, don ba ya son a riƙa yi masa sannu kamar majinyaci. Da ya taso daga ofis ran nan, sai ya bar motarsa a gida, ya aro keken maigadinmu, ya ɗora ni a baya. Wai za mu je wani ɗan tudu mai duwatsu a hanyar Nangere, mu hau mu sauko.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne, a Potiskum mai mota ba ya hawa keke haka kawai. Tun a unguwar Yerimaram na lura mai shayi ya shagala da kallonmu yana ta zuba ruwa, kofi na ambaliya a hannunsa. Wani dattijo ya cire hula ya ce, "Alhaji, Allah ya mayar da alheri." Baba ya amsa da "amin," bai san me ya rasa ba. Ni kuwa ina kallon zufa tana zana taswira a bayan kaftaninsa.

Mun kai rabin tudun ke nan, Baba ya zube a kan dutse yana haki, sai ga Keke Napep ta tsaya a ƙasa. Baffa ne, yayan Baba, da maƙwabtanmu biyu. Ashe labari ya kai masa cewa an kori ƙanensa daga aiki, an ƙwace mota, ya nufi daji.

"Sauko mu yi magana!" in ji Baffa. "Ko me ya faru, ba ka da 'yan'uwa ne?"

Baba ya buɗe baki, numfashi ya ƙi. Ya ɗaga hannu kawai.

"Kun gani ko? Ko magana ba ya iyawa!" Baffa ya fara share ido da bakin rawani. "Ke 'yar nan, me ya sami ubanki?"

Na dubi Baba. Ya girgiza kai. Na dubi Baffa, dattijo yana kuka a gaban manoma da suka fara taruwa. Ban san daga ina muryar ta fito ba.

"Baffa, ba komai! Likita ne ya ce ya rage tumbi!"

Sai wani manomi ya fashe da dariya har ya yar da fartanya.

"Tumbi?" Baffa ya ce. "Saboda tumbi na bar tuwona yana hucewa? Ai sai ka zo gonata ka yi mini noma, shashasha!"

Baba ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya yake yi.

Tun daga ranar na gane cewa in ka ɓoye wa mutanenka ƙaramar damuwa, su da kansu za su ƙera maka babba, su kuma zo su yi kuka a kanta.