Ciyawar da Kaka Ya Bar Wa Mazari

Wad Haddad

Abin da na fara gani da muka isa tasha bayan sallar asuba shi ne wani jan mazari, matacce, manne a fitilar motar da za mu hau. Na ja mayafin Goggo Asiya na nuna mata. Ƙanwar babana ce, tana karatun ƙwari a jami'a, aikinta shi ne rubuta wane irin mazari ake samu a wane wuri. Ta ɗauko ni a hutun nan ne don ta ce ina da ido, ba ni da surutu.

"Mu rubuta shi?"

"A'a. Wa ya san inda mota ta kwaso shi? Sai wanda muka gani da rai a mazauninsa, muka ɗauki hotonsa."

Direba ya leƙo. "Ustaza, in ƙwari kike nema, ki duba ƙarƙashin kujera, ba sai kin je Sinnar ba." Aka yi dariya, na sunkuyar da kai.

Da hantsi muka sauka a Wad Haddad, a bakin wata tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Nan Goggo ta koya mini cewa mazari mai kauri in ya sauka yakan baje fukafukai, siririn kuwa naɗe su yake yi a bayansa. Mun samu ja, mun samu shuɗi, da wani mai baƙin zane a fiffike da ya yi ta bin ƙafata kamar ɗan akuya.

Makwar

Wata motar ta kai mu Sinnar, muka ci ful, wato dafaffen wake, da burodi, muka nufi madatsar ruwa ta Makwar. Wani soja a shinge ya ce ba a ɗaukar hoto a nan. Goggo ta nuna masa hotunan safe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mu gangara can ƙasa. Iska ta yi yawa, ba mu ga komai ba sai manyan mazarin nan masu ruwan ɗorawa da ba sa sauka. Goggo ta ce rashin samu ma ana rubuta shi.

Mai Wurno

Da la'asar muka isa gidan Kaka, mahaifin babana. Yana ganina ya ce, "Ga amaryata kurma ta zo. Har yanzu ba a saya miki baki ba?" Sauran jikoki sukan rama, har su fizge masa hula. Ni ban taɓa iyawa ba.

Bayan mun ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar kuɓewa muka tafi lambunsa. A ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gindin mangwaro, ciyawa ta cika. A jikin wani kara na ga siririn mazari mai launin ɓawon lemo, idanunsa kore. Goggo ta riƙe numfashi. Ta ce duk yawonta na bana ba ta gamu da shi ba. Ta ɗaga kyamara, amma rana ta faɗi, hoton ya fito baƙi.

"Gobe in rana ta yi ɗumi za su fito," in ji ta.

A gida muka ji Kaka ya kira nafir, gayyar maƙwabta, gobe da sassafe za a nome ciyawar magudanar nan kaf. Goggo ta ce a cikin karan ciyawar suke saka ƙwai, in an cire shi ke nan. Ta yi wa Kaka magana, ya ce ruwa ba ya isa ga mangwaronsa, ba zai tsayar da mutane saboda ƙwaro ba.

"'Ya ba ta ja da ubanta," ta ce mini. "Amma jika tana da hanya."

Washegari muka tarar maza sun tuɓe takalma, suna cikin laka da fartanya, mata na kawo shayi. Suna matsowa wajen karan nan kaɗan-kaɗan. Na taka har inda Kaka yake tsaye, na miƙa hannu na cire masa hula. Kowa ya tsaya.

"Tsoho," na ce, "ba ka taɓa ba amaryarka komai ba. Ka bar mini ciyawar gefen nan, daga mangwaron can zuwa nan. A nome ɗaya gefen, ruwa zai wuce."

Kaka ya dube ni, ya dubi mutane, sai ya fashe da dariya har da tari. "Kun ji? Kurma ta yi magana, kuma haki taka so, ba zinari ba. Ku bar mata wanga gefe. Ke kuma maido min hulata, rana na cin ƙwaryar kaina."

Muka zauna a inuwa. Da rana ta ɗaga sai ga su, har biyu, ɗaya ya lanƙwasa jela yana taɓa kara a bakin ruwa. Goggo ta ɗauki hoto, ta rubuta wurin, ta sa sunana a matsayin wadda ta fara gani. Kaka da kansa ya karɓi kyamarar yana ƙanƙance ido. "Ashe ɗan banzan kyakkyawa ne."

Komawa

Mun iso gida kafin magariba lafiya, mun gode Allah. Na gode wa Goggo da mutanen nafir da suka bar aiki a gefe ɗaya ba su yi gunaguni ba. Da Baba ya kira Kaka a waya don ya sanar da shi isowarmu, na tsaya kusa har ya gane, ya miƙo mini.

"Tsoho, ni ce. Don Allah ka ɗaure awakinka, kada su shiga ciyawata kafin in dawo."